Haji Murad: jarumi ne, ko kuwa maci amana ne da ya sami mai rubuta shi da kyau?

Malam Sani: Assalamu alaikum 'yan zaure. Littafin wannan watan shi ne Haji Murad na Leo Tolstoy, marubucin nan na Rasha. Ga waɗanda ba su kai ga gama shi ba: Tolstoy ya yi ta rubuta shi daga 1896 zuwa 1904, ya rasu a 1910 bai ga fitowarsa ba, sai a 1912 aka buga. Ko a lokacin ma sai da masu tace littattafai na Rasha suka yanke wasu wurare, musamman inda ya taɓa Sarki Nikolas na ɗaya. Babi 25 ne kacal, ɗan mitsitsi in ka kwatanta da manyan littattafansa. Labarin a duwatsun Kaukasus ya faru, ƙasar Dagestan da Chechniya, ƙarshen 1851 zuwa farkon 1852, lokacin da Imam Shamil ke jagorantar Musulmin duwatsu suna yaƙar Rasha. Haji Murad mutum ne na gaske, ɗan ƙabilar Awar, yana cikin manyan na'iban Shamil. Suka ɓata, ya gudu ya miƙa kansa ga Rashawa, Shamil kuma ya riƙe masa uwa da mata da 'ya'ya. Tambayata ɗaya ce don a buɗe fage: wannan mutumin jarumi ne ko maci amana?

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ban ga abin muhawara a nan ba. Mutum ya fara da Rashawa, ya koma wajen Shamil ya yi shekara goma yana kashe Rashawa, ya sake komawa wajen Rashawa yana roƙon su ba shi sojoji ya je ya kamo Shamil, daga baya ya kashe masu gadinsa ya gudu. Sau nawa ke nan ya sauya sheƙa? Da a siyasar ƙasar nan ne mun san sunan da za mu kira shi. Kuma shi kansa Tolstoy yana Tiflis, babban birnin Jojiya, a ƙarshen 1851 yana ɗan shekara 23, ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa ya ce babban jarumin duwatsu ya miƙa wuya, ya kira abin da aikin ƙasƙanci. Tsufa ne ya sa shi tausayi.

Maman Ihsan: Abban Sadiq, ka ƙirga sauye-sauyen amma ba ka tsaya kan abin da ya jawo kowanne ba. Koma babin da Haji Murad yake ba Loris-Melikov, wani hafsan sojan Rasha, tarihinsa. Mahaifiyarsa ce ta shayar da babban ɗan sarkin Khunzakh, babban garin Awar, a gidan sarautar ya tashi, 'ya'yan sarki 'yan'uwansa ne na nono. Imam na biyu, Hamzat, wanda Shamil ya gada, ya gayyaci 'ya'yan sarkin zuwa sansaninsa da sunan sulhu aka yanka su, aka kashe uwarsu. Haji Murad yana wurin, a bakin tanti. Ya ce da bakinsa tsoro ya kama shi ya hau doki ya gudu, kuma tun daga ranar duk lokacin da ya tuna wannan kunyar ba ya ƙara jin tsoron komai. Wurin nan ne ya fi tsaya min a rai a duk littafin. Soja ɗan Rasha na zaune da alƙalami yana rubutawa, shi kuma babban jarumi ya yi ja har kunne yana cewa na gudu. Daga nan ne shi da yayansa Usman suka shiga masallaci da bindigogi a ƙarƙashin riga suka kashe Hamzat a 1834. Usman ya mutu a wurin, shi ya dira ta taga. To mutumin da ya kashe imam ina zai je in ba wajen Rasha ba?

Abban Sadiq: Hajiya, kisa a cikin masallaci kike ba shi uzuri?

Maman Ihsan: Ban ba shi uzuri ba. Cewa na yi ba kwaɗayi ke juya shi ba, bashin jini ne. Komawarsa wajen Shamil ma haka. Ahmad Khan, wanda Rashawa suka ɗora a kan Awar, ya yi masa sharri cewa yana tare da Shamil don ya naɗa rawani. Aka kama shi aka ɗaure a jikin igwa kwana shida, aka tasa ƙeyarsa da sojoji arba'in ta wata siririyar hanya a gefen dutse. Ya ja sojan da ke riƙe da igiyarsa suka faɗa ƙasa tare. Sojan ya mutu, shi ya karye, ɗingishin da yake yi har ƙarshen littafin daga nan ne. Ahmad Khan ya rushe masa gida. Shamil ya aiko ya ce zo. Kai da za ka ƙi?

Ustaz Nura: Salamu alaikum. Na bi bayananku. Ni damuwata ba Haji Murad ba ce, yadda aka zana Imam Shamil ce. Wannan bawan Allah ya riƙe tuta daga 1834 har 1859, shekara 25 yana fuskantar daular da ta kori Napoleon. Almajirin Shehu Jamaluddin ne a ɗariƙar Naƙshabandiyya. Bayan an ci shi a Gunib ya zauna a hannun Rashawa, daga baya suka bar shi ya tafi hajji, ya rasu a Madina a 1871, a Baƙi'a yake kwance. Amma a babi na 19 me muka gani? Mutum ya dawo daga yaƙin da bai yi nasara ba yana nuna wa jama'a ya yi, zuciyarsa na wajen amaryarsa Aminat, yana rufe ido a majalisa don a ɗauka ilhama yake karɓa, sannan ya sa a kawo Yusuf ɗan Haji Murad daga rami ya ce ya rubuta wa ubansa in bai dawo ba za a ƙwaƙule masa ido. Hafsan sojan Rasha ne fa ya rubuta wannan, kada mu manta.

Habibu Damagaram: Ustaz, gaskiya ne ya sa kakin Rasha, amma ka karanta babi na 15 kuwa? Abin da ya yi wa sarkinsu ya ninka abin da ya yi wa Shamil. Nikolas ya kwana da wata yarinya da ya tsinta a wajen rawa, ya tashi da safe ransa a ɓace, aka kawo masa takardu. Wani ɗalibin likita ɗan Folan ya yanki malaminsa da 'yar wuƙar fiƙe alƙalami don an kayar da shi jarrabawa. Sarki ya rubuta cewa ya cancanci kisa amma an gode Allah babu hukuncin kisa a Rasha, don haka a ratsa da shi ta tsakiyar sojoji 1,000 sau 12 kowa ya zabga masa sanda. Sanda 12,000. Ya san ko rabin wannan babu mai sha ya rayu. A wannan safiyar dai ya ba da umarni a ci gaba da ƙona ƙauyukan Chechniya. Wannan babin ne aka fi yankewa a bugun 1912.

Ustaz Nura: Ai matsalar ke nan Malam Habibu. Ya ɗora su a sikeli ɗaya. Ɗaya ya taso daga Fitasbag, babban birnin Rasha a lokacin, ya zo cin ƙasar mutane, ɗaya yana kare gidansa da addininsa. Ko da duk abin da aka faɗa a kan Shamil gaskiya ne, ba daidai suke ba.

Malam Sani: Ustaz yana da magana a nan, kuma ina so mu tsaya a kanta kaɗan. Akwai abin da in ka sani za ka sake kallon babi na 19. A 1839, a yaƙin Akhulgo, Shamil ya ba da ɗansa Jamaluddin yana yaro garkuwa ga Rashawa don a yi sulhu. Suka tafi da shi Fitasbag suka raine shi ya zama hafsan sojansu. Bai dawo ba sai 1855, da aka yi musayarsa da wasu gimbiyoyin Jojiya da mutanen Shamil suka kama. Wato ranar da Shamil ke kallon Yusuf yana tsoratar da shi, nasa ɗan ya shekara 12 a hannun abokan gaba. Riƙe ɗan mutum don a juya ubansa ba shi ya fara ba, an yi masa. Na biyu, Shamil ya yi ta yaƙi da al'adar ramuwar jini ta duwatsu, inda dangi ke bin dangi har jikoki, yana so a mayar da komai gaban alƙali. A idonsa Haji Murad shi ne ainihin ciwon da yake son warkarwa: mutumin da gabarsa ta ƙashin kansa ta fi masa tutar jama'a.

Amma duk da haka ban yarda Tolstoy ya ce dalilinsu ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne yadda kowannensu ke yanke hukuncin ran mutum yana tunanin wani abu dabam. Kuma ku lura, a duk littafin babu ƙauyen Rasha ko ɗaya da muka shiga muka ga Shamil ya ƙona. Ƙauyen da muka shiga bayan wuta na Chechen ne.

Zainabu 'yar Jos: Babi na 17. Shafi biyu ne ko uku amma sai da na ajiye wayar. Sado, wanda ya sauki Haji Murad a farkon littafi duk da Shamil ya ce duk wanda ya ba shi masauki za a kashe shi, ya dawo ya tarar rufin gidansa ya rufta. Yaron nan mai ƙyallin ido da ya riƙe wa baƙo doki, an soke shi ta baya da wuƙar bakin bindiga, an kawo gawarsa masallaci a kan doki. An ƙone amyoyin kakan da zumar a ciki. An kakkarya itatuwan da tsohon ya dasa da hannunsa. An yi ƙazanta a idon ruwan da suke sha, an yi a masallaci, liman da almajiransa suna wankewa. Sai Tolstoy ya ce babu wanda ya yi maganar ƙiyayya, don abin da suke ji ya wuce ƙiyayya, sun daina ganin waɗannan a matsayin mutane. Mu da muka tashi a Filato ba sai an fassara mana wannan ba. Kowane ɓangare yana da nasa ƙauyen da zai nuna maka ya ce daga nan aka fara.

Baba Ilu: 'Yata Zainabu, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Ni tsohon soja ne, jikata ce ke karanta min da daddare. Ku duk kuna wajen manya, ni wajen Abdeyef nake, ƙaramin sojan nan na Rasha. An zo ɗaukar soja, yayansa ke da 'ya'ya, shi ya ce zai tafi a madadinsa. Ranar da aka fita saran itace aka yi 'yar harbe-harben da ba ta da dalili, harsashi ya same shi a ciki, ya mutu a asibitin bariki. Rahoton da aka aika sama ya ce an kashe soja ɗaya, biyu sun ji ɗan rauni, an kashe ko raunata 'yan duwatsu wajen ɗari. Da ta karanto wurin na ce ta tsaya, na yi dariya har da tari. Na taɓa tsayawa a bayan wani ofisa yana rubuta irin wannan rahoto a kan gwiwarsa, mu da muka je mun san ko inuwar mutum ba mu gani ba, shi kuwa biro na ta gudu. Wanda ya rubuta littafin nan ya ci abincin bariki, ba labari aka ba shi ba.

Sannan uwar yaron ta aika masa wasiƙa da kuɗi 'yan kaɗan da ta ɓoye, aka dawo mata da su. Matarsa ta yi kukan gaban jama'a, a ciki kuwa daɗi take ji don tana da cikin wani. Haka abin yake, ba a ƙara gishiri ba.

Abban Sadiq: Baba, Allah ya ƙara lafiya. To amma har yanzu ba a amsa min ba. Wa ya jawo wa ƙauyen Sado wuta? Ba zuwan Haji Murad wajen Rashawa ne ya sa aka kai maganar gaban sarki, sarki ya ce a ƙara matsa wa Chechniya ba? Ya ci tuwon mutum, ya kwana a ɗakinsa, ya tafi, aka zo aka kashe masa ɗa.

Maman Ihsan: Wannan kam ka kama ni da shi, kuma ina ganin da gangan Tolstoy ya sa ƙauyen ya zama na Sado. Amma duba me Haji Murad ya samu a wajen Rashawan. Boronsof, gwamnan Kaukasus, ya karɓe shi a Tiflis, aka kai shi gidan wasan kwaikwayo, aka kai shi liyafa mata da ƙirji a buɗe suna zuwa suna tambayarsa ko abin ya burge shi. Shi kuwa duk inda ya sami dama magana ɗaya yake yi: ku yi musayar iyalina da fursunoni, hannuna a ɗaure yake. Kullum a ce masa za a duba. Suna ba shi kuɗin kashewa kowace rana, suna sa masa Kosak, mahaya dawakinsu, suna binsa ko'ina. Su ado suke so da shi, Shamil kansa yake so. Gaba kura baya sayaki. Babu wanda ya damu da tsohuwarsa Fatimat da ke tsare a Bedeno, hedkwatar Shamil, sai shi.

Sadiya: Don Allah tambaya, na ga ana yawo da wani rubutu cewa Tolstoy ya musulunta kafin ya mutu, shi ya sa aka ɓoye littafin. Gaskiya ne?

Ustaz Nura: A'a ƙanwata, kada ki yaɗa. Abin da ya tabbata shi ne cocin Rasha ta fitar da shi daga cikinta a 1901, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya zaɓo wasu hadisai daga wani tarin da wani malamin Indiya, Abdullahi Suhrawardi, ya fitar, aka buga su da Rashanci. Yana girmama Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma bai yi shahada ba a sanin kowa. A gonarsa ta Yasnaya Folyana aka binne shi, ba limamin kowane addini. Littafin kuma shi da kansa ne bai bayar an buga ba yana raye.

Sadiya: Na gode Ustaz.

Habibu Damagaram: Ni abin da ya ba ni mamaki tsarin ƙarshen ne. Kafin mu ga mutuwar Haji Murad sai muka fara ganin kansa. Wani ofisa ya zo bariki da daddare da buhu, ya zaro kan ya ɗaga a hasken wata, ofisoshi a buge suna kallo, ana zagayawa da shi gari gari don a nuna wa mutane. Matar nan Mariya ta barikin, wadda Haji Murad ya ba kyautar farar alkyabba, ita kaɗai ta ce musu mahauta ne ku duka, ta tashi ta bar wurin. Na tuna hoton kan Rabeh da sojojin Faransa suka ɗauka a Kusuri a 1900, wani soja ya soke shi a sanda. Hikimar ɗaya ce, a nuna wa na baya cewa wanda kuke ganin ba ya mutuwa ga shi. Kuma ƙoƙon kan Haji Murad an kai shi Fitasbag, ya ƙare a gidan adana kayan tarihi, gangar jikin kuma tana Azarbaijan. Mutanen Dagestan sun daɗe suna neman a haɗa su.

Zainabu 'yar Jos: Kuma wa ya sare kan? Ba Barashe ba ne. Haji Aga ne, wanda a da abokinsa ne, tare da ɗan Ahmad Khan ɗin nan, sun zo da mutanensu suna taya Rashawa. Haji Murad ya fita daga Nukha, garin da yake zaune a hannun Rashawa, da muridansa biyar da niyyar zuwa ƙwato iyalinsa, suka yanke ta gonakin shinkafa da aka cika da ruwa, dawakai suka yi ta nutsewa har dare, suka ɓuya a wani ɗan kurmi. Da safe an kewaye su. Harsashi ya same shi, ya yago auduga daga cikin rigarsa ya toshe ramin, ya ci gaba da harbi. Wani ya sake samunsa, ya sake yagowa. Sojojin sarki sun tsaya daga nesa suna harbi, waɗanda suka ruga da wuƙa 'yan duwatsu ne irinsa masu tsohon bashi a kansa.

Abban Sadiq: To ai kin kawo ni gida. Da ya haƙura da maganar gadon imamanci da duk wannan bai faru ba. Shamil ya ce ɗansa Gazi Muhammad ne zai gaje shi, shi kuma ya ce mai kaifin takobi shi ne imam. Ka faɗi wannan a lokacin yaƙi ka ce ba tawaye ba ne?

Malam Sani: Tawaye ne. Amma tambayi Ustaz, imamancin da aka kafa da mubaya'a, uba ya miƙa wa ɗansa, ba abin da mutum zai ɗaga gira a kai ba ne?

Ustaz Nura: Malam kada ka ja ni can, sai mu kwana a nan. Magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun zamanin Banu Umayya. Abin da na tsaya a kai shi ne, ko an zalunce ka, ba ka zuwa wajen wanda ke ƙona masallatai ka ce ya ba ka runduna. Ƙisasi hakki ne, amma hukuma ke tsayar da shi, ba mai jini ba.

Maman Ihsan: In hukumar ce ta jefa ɗanka a rami fa, Ustaz? Yusuf bai yi laifin komai ba, yaron ma son Shamil yake yi, yana ganin ubansa ne da taurin kai. Wane alƙali Haji Murad zai kai wa ƙara a Bedeno?

Ustaz Nura: Hajiya, shi ya sa tun farko na ce a binciki ko maganar ƙwaƙule idon tarihi ce ko ƙirƙirar marubuci. In ta tabbata, kuskure ne babba ko daga wa ya fito, ba a kama ɗa da laifin uba. Amma ba zan karɓe ta daga labarin ƙirƙira ba. Akwai tarihin yaƙoƙin da magatakardan Shamil, Muhammad Ɗahir al-Ƙarakhi, ya rubuta da Larabci. Bari in nemo shi in ga me mutanen gida suka ce game da rabuwarsu, in ya so mako mai zuwa mu ɗora littattafan biyu gefe da gefe.

Abban Sadiq: Ka nemo. In al-Ƙarakhi ya kira shi jarumi ni zan sayi katin data na duk wanda ya yi magana a nan.

Baba Ilu: Ka fara tanadi yaro. Kuma a turo min da murya, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan.